Zanzaron Da Ke Gadin Shinkafa: Yadda Ake Yaƙar Asu A Sito Ba Tare Da Feshi Ba

Shinkafar da asu ya shiga ba ta ɓuya. Kana kwance bakin buhu ka tura hannu, sai ka ji ƙwayoyin sun dunƙule curi-curi, wani farin zare ya ɗinke su da juna, ga ɗan warin tsohon gari yana tashi. Idan ka fasa curin za ka tarar da farar tsutsa mai kai ruwan ƙasa tana ja da baya cikin ramin da ta saƙa wa kanta. Abin da tsutsar ta ci bai taka kara ya karya ba idan aka ɗora a sikeli. Ɓarnar tana ga saƙar da kashin da ta bari, domin mai saye yana ganinsu zai karya farashi, mai injin casa kuma ya san yadda saƙar ke toshe masa rariya.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko fiya-fiya a yayyafa, ko a cusa ƙwayar Phostoxin mai fitar da iska mai guba tsakanin buhuna a ja ƙofa. Ba sai an tuna wa kowa inda wannan ɗabi'a ta kai mu ba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin dichlorvos, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya da Sniper. Wake ne aka kama, amma hannun da ke zuba wa wake shi ne ke zuba wa shinkafa.

Akwai wata hanyar, wato a sa ƙwaro ya kashe ƙwaro. Kowa ya san zanzaron da ke gina ɗakin laka a kusurwar soro, ya kamo tsutsa ya harbe ta ta sandare, ya cusa ta ciki ya yi ƙwai a kanta domin ɗansa ya samu abinci. To akwai 'yan'uwansa ƙanana ƙwarai da ke yin wannan aikin a cikin hatsi, ba sa gina ɗaki, ba sa harbin mutum, ba sa cin shinkafa. Amma tun kafin mu yi nisa a san wannan: masu gadi ne, ba masu gyaran ɓarna ba. Wanda ya jira har buhunansa suka cika da saƙa sannan ya je neman zanzaro ya makara.

Mataki na farko: gane wane asu ne a sitonka

Wannan matakin shi ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke yanke hukuncin ko kuɗinka zai yi amfani. Asun da ke damun shinkafa ya kasu gida biyu, gwargwadon inda tsutsarsa take zama.

Kashi na farko su ne masu saƙa, waɗanda tsutsarsu ke yawo a wajen ƙwaya. Babbansu a ƙasashe masu zafi shi ne Corcyra cephalonica, asun shinkafa, mai launin toka-toka zuwa ruwan ƙasa. Ya fi son gyararriyar shinkafa da tsakinta da dusa. Akwai Plodia interpunctella, wanda ake gane shi da fukafukinsa mai launi biyu, rabin da ke kusa da kai fari-fari, rabin baya ja kamar tagulla. Akwai kuma Cadra cautella, wanda ake yawan gani a dabino da gyaɗa da kokon da ake yin cakulan da shi, amma ba ya ƙin shinkafa. Dukkansu tafiyarsu ɗaya ce: macen ta zuba ƙwai sama da ɗari a kan hatsi ko a jikin buhu, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 5, tsutsar ta yi sati 3 zuwa 5 tana ci tana saƙa, sannan ta nemi lungu ta naɗe kanta ta fito asu. Babban asun da kake gani yana shawagi ba ya cin komai daga hatsinka. Aikinsa ƙwai kawai.

Kashi na biyu shi ne Sitotroga cerealella, ɗan siririn asu mai launin ƙaiƙayi, wanda ya fi addabar shanshera, sau da yawa ma tun daga gona yake biyo ta. Tsutsarsa tana huda ƙwaya ta shige, ta cinye cikinta, ba ta fitowa sai ta zama asu. Ba ya saƙa. Alamarsa ita ce ƙwayar shanshera mai ɗan zagayayyen rami, wadda idan ka matsa ta sai ta fashe fanko.

Ɗauki kwano ɗaya daga saman buhu da wani daga gefen ɗinki, ka baza a faranti a cikin haske. Idan ka ga curi da zare, kashi na farko ne. Idan ramuka ka gani babu zare, duba da kyau, domin baƙin ƙwaron nan mai dogon baki shi ma yana huda ƙwaya, kuma shi ba asu ba ne. Da magariba ka koma siton da tocila ka haska bango da rufi, lokacin ne asu ke tashi.

Mataki na biyu: zaɓi zanzaron da ya dace

Guda biyu ne aka fi aiki da su a kan asu.

Habrobracon hebetor shi ne mai farautar tsutsa. Tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, launinsa daga ruwan zuma zuwa baƙi-baƙi. Macen tana bin warin saƙa da kashin tsutsa har ta same ta, ta soka mata ƙari. Dafin ba ya kashe tsutsar nan take, sandarar da ita yake yi, kuma daga wannan harbin ba ta ƙara cin ƙwaya ko ɗaya, ba ta kuma farfaɗowa. Sai macen ta ajiye 'yan ƙwai a jikinta. Cikin kwana 1 zuwa 2 su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su tsotse tsutsar har ta yamushe, su koma gefe su saƙa 'yan fararen gidaje na zare, su fito manya. Daga ƙwai zuwa babba kwana 8 zuwa 12 ne a yanayi mai ɗumi, wajen digiri 30. Ka lura da lissafin: kafin asu ya yi zuriya ɗaya, zanzaron ya yi uku. Sannan macen tana sandarar da tsutsotsi fiye da waɗanda take yi wa ƙwai, kuma wannan ɓarnar tata ribar mai sito ce.

Rauninsa shi ne ya fi son tsutsar da ta girma, wadda ta riga ta ci rabonta. Yana karya zuriya mai zuwa ne, ba ya dawo da abin da aka ci. Kuma tsutsar Sitotroga da ke kulle cikin ƙwaya ta fi ƙarfinsa.

Na biyu su ne dangin Trichogramma, masu farautar ƙwai. Ba su kai rabin milimita ba, da ƙyar ido ke ganinsu. Macen tana huda ƙwan asu ta saka nata a ciki, bayan 'yan kwanaki ƙwan ya yi baƙi, maimakon tsutsa sai zanzaro ya fito. Wato ana kashe asun tun bai ɗanɗana shinkafa ba, kuma ƙwan Sitotroga ma bai tsira ba tunda a wajen ƙwaya ake zuba shi. Sai dai ba su da ƙarfin tashi, tafiya suka fi yi da ƙafa, galibi ba sa nutsawa sosai cikin hatsi, kuma kwanakinsu kaɗan ne. Sun fi amfani a jikin buhuna da kan kanta da kewayen kayan da aka ƙulla a leda. A Jamus da Austiriya ana sayar da su a jikin ɗan kati mai ɗauke da ƙwai dubu biyu zuwa uku, masu gidan burodi da shagunan abinci da matan gida suna ajiyewa a kanta suna sauyawa duk bayan sati biyu ko uku.

Idan da hali, haɗa su biyun ya fi. Gwajin da aka yi a ma'ajiyar gyaɗa a Amurka ya nuna haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai rage asu, kuma dalilin a fili yake: abin da ya kuɓuce wa mai cin ƙwai zai faɗa hannun mai harbin tsutsa. Idan kuma baƙin ƙwaro mai huda ne matsalarka, akwai wani zanzaron daban, Anisopteromalus calandrae, mai iya gano tsutsar da ke cikin ƙwaya ya harbe ta ta jikin ɓawo. Masu bincike na cibiyar IRTA a yankin Kataloniya na Sifen sun gwada shi a kan shinkafar ajiya.

Ga mai sito a Kura ko Argungu ko Gaya, shawarata ita ce ya fara da Habrobracon. Ya fi jure wahala, ido yana ganinsa, ana iya kiwonsa da gero da kwalba, kuma ba baƙo ba ne a ƙasarmu.

Abin da aka riga aka sani a Maraɗi

Ba sai an je Turai neman gwanaye a kan wannan ƙwaro ba. Tun 2006 shirin GIMEM, da tallafin gidauniyar McKnight, ya shiga sakin Habrobracon a gonakin gero na Nijar da Burkina Faso da Mali domin yaƙar murzuna, tsutsar da ke yanka zangarniyar gero. Cibiyar binciken noma ta INRAN reshen Maraɗi tana cikin jagororin aikin, tare da masana irin su Ibrahim Baoua da Malick Ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abincin da suke kiwon zanzaron da shi a ɗakin bincike: tsutsar Corcyra ce, wato asun shinkafar nan da muke neman kashewa. Zanzaron da aka yi shekaru ana reno a kan wannan tsutsa ba sai an koya masa ita ba.

Dabarar da suka tsayar a ƙarshe mai sauƙi ce. Ɗan buhun algarara mai faɗin santimita 7 da tsawon 10, a zuba gero giram 50 da garin gero giram 30, a saka tsutsar Corcyra 25 da matan zanzaro 2 da suka riga suka sadu da maza, a ɗaure. Daga kwana na 8 sabbin zanzaro ke fara fitowa ta ramukan algararar, kuma kowane buhu yana ba da wajen 60 zuwa 70. Don gona aka tsara wannan, amma kiwon iri ɗaya ne, kuma da ɗan gyara yana shiga sito.

Mataki na uku: gyara siton kafin ƙwaro ɗaya ya shiga

Zanzaro ba ya maye gurbin tsintsiya. Fitar da komai, ka share ƙasa da bango da ƙarƙashin rufi, ka bi tsagar siminti da bayan ƙofa da kan katakon rufi, domin nan tsutsa ke hawa ta naɗe kanta. Sharar a ƙone ta ko a binne nesa, kada a tara ta a bakin ƙofa. Tsofaffin buhuna a juya cikinsu waje a kakkaɓe, a shanya su a rana mai zafi ko a tsoma su a tafasasshen ruwa. Injin casa da ke maƙwabtaka da sito, da tarin dusa da buntu a bayansa, su ne gidan asu na dindindin.

Shinkafar da za ta shiga ta bushe sosai, laimarta kada ta wuce kashi 14 cikin 100, idan ajiyar za ta daɗe ma a sauko da ita zuwa 12 ko 13. A jera buhuna a kan katako, a bar hanya tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa. Wannan hanyar ita ce kuma hanyar zanzaro, don ba zai isa jikin buhun da aka manna da bango ba. Sabon kaya kada a ɗora shi kan tsoho.

Sai batun magani, wanda a nan ne yawancin gwaji ke mutuwa. Zanzaro ya fi asu saurin mutuwa da guba, nesa ba kusa ba. Idan an fesa wa bango ko buhuna maganin da ke daɗewa, irin Actellic ko masu ɗauke da deltamethrin, ƙarfinsa yana iya kai watanni, kuma duk zanzaron da ya taka wurin ya tafi. Hodar da ake barbaɗawa a hatsi ita ma haka. Hatta maganin sauron da mai gadi ke kunnawa a bakin ƙofa da dare yana yi musu illa, don haka a yi magana da shi tun farko.

Idan kayan sun riga sun kamu sosai, a fara rage yawan ƙwarin ta wata hanyar: a shanya a rairaye, ko a kira waɗanda suka san aikin turara hatsi da Phostoxin su yi shi ƙarƙashin tamfol da aka rufe ruf, na aƙalla kwana 5 zuwa 7, kuma ba a gidan da mutane ke kwana ba, don iskar tana kisa. Ita wannan iskar ba ta zama a jikin kaya bayan an buɗe an sha iska. Wannan ne ma ya sa asu ke komawa washegari, kuma shi ne ya sa za ka iya sakin zanzaro bayan 'yan kwanaki ya tsare abin da aka tsabtace.

Mataki na huɗu: samo iri ka yi kiwo

Hanya mafi tabbas ita ce ta malamin gona ko sashen nazarin ƙwari na jami'a ko cibiyar bincike. A Nijar, INRAN da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore sun san aikin. A Najeriya ana iya fara tambaya a cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta NSPRI, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano. Ɗauko ƙwaro mai rai daga wata ƙasa zuwa wata yana buƙatar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi, kada a sako shi a aljihu a tsallako iyaka.

Ana kuma iya kamo shi a gida, domin yana rayuwa da kansa a tsofaffin rumbuna da shagunan hatsin da ba a fesawa. Saka manyan tsutsotsi goma da ɗan gari a kofin roba, ka rufe bakin da yankin gidan sauro mai ramukan da zanzaro zai iya shiga amma tsutsa ba za ta fita da sauƙi ba, ka ajiye a irin wannan wurin kwana 3 zuwa 4. Idan ka dawo ka tarar da wasu sun yi lakwas ba sa motsi amma ba su ruɓe ba, maida kofin cikin kwalba ka rufe da ƙyalle ka jira. Abin da ya fito ka kai wa masani ya tabbatar maka kafin ka ɗora jari a kansa.

Kiwon kansa gida biyu ne, kuma dole a raba su.

Gidan asu: a samu bokitin roba ko babbar kwalba, a zuba ɓarzajjen gero da garinsa zuwa kamar tsawon yatsa. Kafin a zuba, a kashe duk wani ƙwaron da ke cikin geron, ko dai a ɗumama shi a tukunya sama-sama a bar shi ya huce, ko a sa shi a firiza kwana 4. Wanda ya tsallake wannan zai wayi gari jan ƙwaron gari ya cinye masa ƙwan asun. A saka asu manya ashirin zuwa talatin, a rufe da ƙyalle mai kauri a ɗaure da roba. Bayan sati 3 zuwa 4 za a samu manyan tsutsotsi. A riƙa kafa sabon bokiti kowane mako domin kada abinci ya yanke. Wannan ɗakin ya yi nesa da sito, ya kuma yi nesa da ɗakin zanzaro, don mace ɗaya da ta kutsa cikin bokitin tana iya gamawa da shi.

Gidan zanzaro: a kwalba mai faɗin baki a saka tsutsa 25 da mata 2, kamar ma'aunin Maraɗi, da namiji ɗaya ko biyu idan ba a tabbatar sun sadu ba. Ana gane macen da ɗan ƙarin da ke leƙowa a ƙarshen cikinta, namijin kuma gashin kansa ya fi tsawo. A shafa ɗigon zuma da aka sirka da ruwa a jikin ƙyallen murfin, siriri ƙwarai don kada su maƙale. Zumar tana ƙara musu kwana da yawan ƙwai. Bayan kwana 2 a kwashe matan a kai su sabuwar kwalba, domin mace tana iya yin sati biyu zuwa uku tana aiki. Don ɗaukarsu ba tare da an murƙushe su ba, a juya gindin kwalbar wajen taga, za su taru can wajen haske, sai a kifa musu ƙaramar kwalba.

Ƙafafun teburin kiwon su zauna cikin gwangwanayen ruwa, in ba haka ba kiyashi zai kwashe komai cikin dare ɗaya.

Akwai wani sirri a haihuwar wannan ƙwaro da ya kamata mai kiwo ya sani. Macen da ba ta sadu da namiji ba tana yin ƙwai kuma yana ƙyanƙyashewa, amma maza zalla take haifa, maza kuwa ba sa harbi. Haka nan idan zuriya ta daɗe tana auren junanta, mata suna raguwa, maza marasa amfani suna yawa. A jikin wannan ƙwaron ne ma masanin Amurka P. W. Whiting ya fara gano yadda hakan ke faruwa. Don haka idan ka ga kwalabenka sun koma kusan duk maza, ba zafi ba ne kawai, jini ne ya tsufa. Nemo sabon iri daga wani wuri ka gauraya.

Mataki na biyar: saki

Lokacin saki ya fi yawan zanzaron muhimmanci. A fara tun makon da kaya suka shiga, ko ranar da aka ga asu na farko a bango. Gara ma a saki kashi ɗaya a cikin siton tun yana fanko bayan shara, domin su bi tsagogin da tsintsiya ba ta kai ba.

A gona ana rataye ɗan buhun algarara yadda yake. A sito kuwa sai an yi hattara, tunda abin da ke cikin buhun tsutsar asun shinkafa ce, idan matan suka mutu kafin su harbe su duka, ka kai wa kayanka ɓarawo da hannunka. Saboda haka riƙe buhun ko kwalbar kwana 2 zuwa 3 a ɗakin kiwo, ka buɗe ka taɓa kowace tsutsa da tsinke. Wadda ta motsa a cire ta. Waɗanda suka sandare kaɗai za su shiga sito. Mafi tsabta ma shi ne a kai manyan zanzaron a kwalba, a buɗe murfin a kan buhuna da yamma bayan rana ta yi sanyi, a rufe ƙofa da tagogi. Tagar da ba ta da raga za ta ja su waje, saboda suna bin haske.

A rarraba wuraren sakin, kada a zube su wuri guda: kusurwoyi, saman kowane tsibin buhuna, da kusa da ƙofa inda sabon asu ke shigowa. Yawan da za a saka ya danganta da girman sito da yawan asun da ke ciki. A ɗaki madaidaici na ɗan kasuwa, ni zan fara da kwalba ɗaya a kowace kusurwa da ɗaya a kan kowane tsibi, in maimaita duk bayan sati 2, sannan in bar abin da ido ya gani ya ce a ƙara ko a rage. Saki ɗaya tak ba ya wadatarwa, domin a kowane lokaci akwai ƙwai da ƙananan tsutsotsin da ba su kai girman harbi ba. Ka ɗaura niyyar wata 2 zuwa 3 aƙalla.

Idan ka samu katin Trichogramma, ka kawo shi cikin sanyi-sanyi amma ba a ƙanƙara ba, ka saka shi a ranar. A ɗora shi kai tsaye a jikin buhu, kusa-kusa da juna tunda ba sa nisa, sama da ƙasan tsibi. Ƙura tana hana su tafiya, wani dalilin shara ke nan.

Yanayi ma yana da ta cewa. Tsakanin digiri 25 da 32 aikin yana gudu. Da hunturu komai yana yin sanyi, asun da zanzaron duka. A watan Afrilu kuwa siton da ke da rufin kwano ba silin yana iya haura digiri 40 da rana, Trichogramma ba ya jure wannan, Habrobracon ma yana raguwa. A lokacin bazara a ajiye kwalaben a ƙasa-ƙasa ta gefen inuwa, kada a saman tsibi dab da kwano.

Mataki na shida: duba ko suna aiki

Kada ka jira ganin zanzaron yana shawagi, da wuya ka gan shi. Aikinsa za ka nema. Bi ɗinkin buhuna da ninkin bakinsu: tsutsar da aka harba tana kwance lakwas, daga baya ta yi duhu ta bushe, kuma a gefenta za ka ga 'yan fararen gidajen zare guda uku ko biyar a jere, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ganin waɗannan a wurin da ba kai ka ajiye ba yana nufin sun fara haihuwa da kansu a siton.

Kofin nan na kamo iri shi ne kuma ma'auninka. Ajiye shi da tsutsa goma a nesa da inda ka yi saki, bayan kwana 3 ka ƙirga nawa suka sandare. Idan babu ko ɗaya, ko dai zanzaron bai isa wurin ba ko wani abu yana kashe shi, sai ka binciki maganar feshi da kiyashi da zafi.

Asun kuma a ƙirga shi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, bango ɗaya, a rubuta a littafi. Faranti mai ruwa da ɗigon sabulu a ƙasa yana kama wasu. Akwai tarkon ƙamshi da ake sayarwa, amma wanda aka yi don Plodia da Cadra ba ya jan Corcyra yadda ya kamata, kuma tarko mai danƙo yana kama zanzaron ma, don haka kada a rataye shi kusa da wurin saki. A sati biyu ko uku na farko adadin asu yana iya ƙaruwa maimakon raguwa, saboda waɗanda suka riga suka naɗe kansu suna ci gaba da fitowa. A nan ne hannu ke ƙaiƙayin ɗauko fiya-fiya. A daure. Hukuncin gaskiya sai bayan zuriya ɗaya ta asu ta wuce, wato sati 5 zuwa 6.

Inda bai kamata a wahalar da kai ba

Wanda ke ajiye buhu biyar ko goma na ci a gida, buhun PICS mai leda biyu a ciki ya fi masa sauƙi da arha: a ɗaure shi da kyau, iska ta ƙare, duk ƙwaron da ke ciki ya mutu. Zanzaro ba shi da aiki a cikin irin wannan buhun, shi ma mutuwa zai yi. Wurinsa shi ne inda ba a iya rufewa ruf: siton ɗan kasuwa da ake buɗewa kullum, ɗakin injin casa, ma'ajiyar ƙungiyar mata masu turara shinkafa, ma'ajiyar iri, da shagon da ake sayar da kaya a buɗe. A irin waɗannan wuraren ya fi kyau mutum ɗaya ko biyu su riƙe kiwon su riƙa raba wa sauran, domin kiwon yana son kulawar yau da gobe, kuma feshin maƙwabci a jere ɗaya na shaguna yana shafar kowa.

Ba ya kuma share asu ƙarƙaf. Yana danne shi ne ƙasa da inda zai yi ɓarna, kuma idan tsutsa ta ƙare shi ma yana ƙarewa, sai an sake kawo shi a kaka mai zuwa.

Mai saye zai tambaya ko ba ƙwari aka ƙara wa abincinsa ba. Zanzaron ba ya shiga cikin ƙwaya, gawarsa da gidan zarensa sun fi buntu rashin nauyi, suna fita a sheƙa da rairaya da wankin da ake yi kafin a ɗora tukunya. Tun 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince a saki irin waɗannan ƙwari a hatsin ajiya, cikinsu har da dangin Trichogramma da na Habrobracon. Duk da haka, shinkafar da aka riga aka gyara aka ɗinke don kanti, a jikin buhun da kewayensa ake sakin, ba a ciki ba. Shanshera kuwa da sauran casa a gabanta, ana iya buɗe kwalbar a kanta kai tsaye.